Sunan da Ba a Faɗa a Gidanmu

Ina da shekara shida na fara jan kunnena da kaina, ba wanda ya sa ni. An gaya mini cewa a madarasa, makarantar gwamnati da ke ƙauyen Larabawa ƙetaren tur'a, wato babbar magudanar ruwan noma, ba a wahalar da kai da tambayar shekaru, tunda yawancinmu a ɗaki aka haife mu, babu takarda. Sai dai a ce wa yaro ya ɗora hannun dama bisa ka ya taɓo kunnen hagu. In ya taɓo ya isa karatu, in bai taɓo ba sai baɗi. Ni kuwa gajera ce, ga ƙaton kai. Don haka kullum da safe sai in laɓe bayan rumbu, in miƙa hannu, in kama kunnen da ɗaya hannun in ja shi sama, wai ko za su haɗu a hanya. Kakata, uwar mahaifina, takan leƙo daga ƙofar ɗakinta ta ce, "Takwara, in kinka cire shi, da mi za ki ji karatun?"

Waƙa ce ta jawo mini wannan haukan. Ƙauyenmu na Hausawa ne zalla a tsakiyar Jazira, auduga gabas, auduga yamma. Makarantar allo muna da ita har biyu, ta gwamnati ce babu sai an yi tafiyar sa'a guda. Amma hawashar da Baba ke nomawa, gonar wani Balarabe da suke raba amfaninta, tana dab da katangar madarasar. In muka yi sammakon tsinkar auduga, sai in ji an buga ƙarfe, yara sun jeru suna rera waƙar safe da murya ɗaya. Nan take hannuna yake mutuwa. Sai in tsaya da auduga a tafi, baki buɗe, har Inna ta daka mini tsawa. 'Yan mata uku ne kacal daga ƙauyenmu suke zuwa, kuma in sun dawo da azahar da fararen mayafai da ƙurar alli a yatsu, nakan bi su har ƙofar gida ina roƙon su bar ni in riƙe musu jaka. Babu abin da nake so a duniya irin in shiga wannan layin.

To, ga abin da ya kusa hana ni. Ni 'yar fari ce, kuma sunan Kaka aka raɗa mini ran suna. Kun ga ƙulli biyu ke nan a wuyan Inna: uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, matar ɗa kuma ba ta kama sunan uwar mijinta. Inna kuwa irin matan nan ce da kunya ta zame musu kamar sallah, ba sa wasa da ita. "Ke" take ce mini, in ina nesa ta ce "waccan". Sauran mutanen gida da na unguwa Uwa suke kira na, saboda na ci sunan uwar maigida. Ita Kaka kowa Kaka yake ce mata, har sa'o'inta. Baba kuma da laƙabin aikinsa ake kiransa a gari. Wallahi har na kai shekara bakwai ban san ina da wani suna ba bayan Uwa, kuma ban taɓa jin na rasa komai ba.

A bazarar shekarar da na cika bakwai hannuna ya taɓo kunne. Ranar ban bar kowa ya huta ba. Na nuna wa Kaka, na nuna wa mai shago, na nuna wa liman yana hanyar masallaci, na nuna wa matan da ke ɗiban ruwa a tur'a, har na bi wata tsohuwa mai larurar ido na kama hannunta na ɗora a kaina don ta shafa ta shaida. Baba ya yi dariya har da hawaye, ya ce to an ji, bana sai madarasa. Ya je garin Hasahisa ya sayo mini yadi da takalmin roba. Ya ce Goggo, ƙanwarsa, ita za ta kai ni rajista, domin shi zai tafi Dinder aikin shuka da zarar ruwa ya sauka.

Ruwa ya sauka, Baba ya tafi. Aka buɗe rajista ran Asabar, mako guda za a yi. Ran Lahadi aka aiko wa Goggo an yi rasuwa a dangin mijinta a Sinnar, ta hau mota tana cewa jibi tana nan. Jibi ta zo da ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, aka kwana biyu ana yi. Wanda ya san laka ta Jazira ya san mota ba ta gardama da ita. A lokacin wayar hannu ba ta iso mana ba. Ni dai na koma zaman bakin hanya ina leƙen Goggo, abinci ma ban iya ci. Laraba da yamma na kwanta a tsakar gida na yi ta birgima cikin taɓo ina cewa shi ke nan, sai baɗi, kuma kafin baɗi na mutu.

Alhamis da asuba, ranar ƙarshe, Inna ta taɓa ni da ƙafa.

"Ke, tashi ki wanke idonki. Ni ka kai ki."

Ban san lokacin da na dira daga gado ba. Na sa sabuwar riga a baibai, na cire, na sake sawa. Kaka da ciwon gwiwa ya hana ta fita ko ƙofar gida tana kallonmu tana tauna goro, ta ce, "Allah shi sa alheri." Ba ita ba, ba Inna ba, babu wadda ta tsaya ta yi tunanin abin da za a tambaya a can. A ƙauyenmu in aka ce 'yar gidan wane ce, magana ta ƙare. Inna ta ɗauka haka duniya take ko'ina.

Hanya ranar sai wanda ya gani. Laka ta kama ƙafa har ƙauri, na riƙe takalmana a hannu don kada su ɓaci, ina gaba ina tsalle, Inna na baya tana tattare tob ɗinta, dogon lulluɓin matan ƙasar. Na faɗi sau biyu ban ko ji zafi ba. Duk wanda muka haɗu da shi sai na gaya masa inda za ni, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. Da muka isa bakin ƙauyen, Inna ta wanke mini ƙafa da ruwan tur'a, ta sa mini takalman, ta gyara mini ɗankwali ba tare da ta dubi idona ba. Haka take, hannunta ke nuna so, fuskarta ba ruwanta.

Ofishin nazir, wato shugaban makarantar, ɗaki ne ƙarami na jan bulo, taga ɗaya, ga mata sun yi layi a inuwar dogon yaro da 'ya'yansu. Mu kaɗai ne Hausawa ranar, tunda ruwa ya tsare kowa. Da layi ya zo kanmu hantsi ya dubi ludayi. Nazir dattijo ne mai furfura a gemu, da farar jallabiya da tabarau, ga kofin shayi a gefe, ga wani ƙaton daftari, littafin rajista, buɗe a gabansa. Inna ta cire takalmi ta durƙusa daga bakin ƙofa. Ni kuwa ko gaisuwa ban gama ba na ɗora hannu a ka na cafke kunnena, na tsaya ƙiƙam ina jiran yabo.

Ya dube ni ta saman tabarau ya ƙyalƙyale da dariya. Da Larabci muka yi komai ranar, kuma kada wani ya ɗauka harshe ne ya ba mu matsala. Inna a kasuwa takan yi ciniki da Larabci har mai kaya ya roƙe ta ta bar shi haka.

"Na gani, ya bitti, 'yata, kin isa. Saki kunnen kada ya cire." Ya ɗauki alƙalami ya juya ga Inna. "To, suna huɗu. Nata, na uba, na kaka, na kakan uba."

Inna ta dubi ƙasa.

Ya jira. Ya kurɓi shayi. Ya sake cewa, "Sunan yarinyar, Hajiya."

Inna ta ƙara sunkuyar da kai.

Sai ya juyo gare ni. Na ce da ƙarfi, "Uwa!" Ya tambayi Inna ko shi ne sunan da aka yanka wa rago. Da ta gyaɗa kai da an wuce wurin, amma Inna ba ta iya ƙarya ba ko da ka. Ta girgiza kai. Ya tambaye ni sunan ubana, na ce Baba. Matan da ke leƙe ta taga suka kwashe da dariya. Ni ma na yi dariyar, don ban san cewa jirgi ya fara tafiya ya bar ni ba.

Nazir ya ajiye alƙalami. Fuskarsa ta canza.

"Wace uwa ce ba ta san sunan 'yarta ba? 'Yarki ce kuwa? Ko dai ku Fallatan nan, baƙin yamma, da kuka shigo jiya ne, kuke ɓoye wani abu?"

Har yau in na tuna tambayar nan sai jinina ya tafasa. Inna a Jazira aka binne cibiyarta, uwarta ma haka. Rigar da ke jikinsa, wa ya sani ko hannun Inna ne ya tsinko audugarta. Amma haka abin yake: da zarar Bahaushe ya yi wani abin da ba a gane ba, ba a ce masa "me ya sa", sai a ce masa "daga ina". Yau ni ma malama ce, na zauna bayan irin wannan teburin shekaru da dama, kuma na san dattijon ba mugu ba ne. An dai miƙa masa daftari da aka ɗinka daidai jikin mutane iri ɗaya, mutanen da yaronsu tun yana tatata ake koya masa ya jero kakanninsa yana alfahari. Mu kuma girmamawarmu ita ce mu rufe baki a kan sunan. Duka biyun ladabi ne, amma ɗaya kawai aka yi wa gurbi a takarda. Wannan duk daga baya na gane shi. A ranar abin da na gani kawai shi ne hannunsa ya kama bangon daftarin zai rufe.

"Motar da za ta kai daftarin nan Hasahisa kafin azahar take tashi," in ji shi. "Je ki zo da wanda ya san sunanku. In ba ki same ni ba, sai baɗi."

Sa'a guda zuwa, sa'a guda dawowa, cikin wannan lakar, kuma maza duk suna gona. Ko ni mai shekara bakwai na san ba za ta yiwu ba. Na kama gefen tob ɗin Inna ina ja, ina ce mata da Hausa, "Inna, hwaɗa mai mana! Don Allah hwaɗa mai!"

Ba ta kula ni ba. Kanta na ƙasa ta ce, "Ustaz, 'yata ce, kuma na san sunayen duka. Mu ba ma faɗin sunan miji, da na iyayen miji, da na ɗan fari."

"Addini bai hana ba."

"Bai hana ba. Kunya ce."

Sai wata tsohuwa daga cikin matan taga, Balarabiya mai zane uku-uku a kumatu, ta sa baki. Ta ce wallahi uwarta ma har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran ubanta da sunansa ba, 'yan zamani ne suka watsar. Ina jin nazir ma ya tuno wata tasa. Hannunsa ya saki bangon daftarin, amma ya ce shi dai ba zai rubuta kunya a gurbin suna ba.

A nan ne Inna ta yi abin da har gobe nake ba ɗalibaina labari. Ta ɗago kai kaɗan ta ce, "Ustaz, ka yi karatun Alƙur'ani?"

Ya haɗe gira. "Wannan wace irin tambaya ce?"

"Wane annabi ne kifi ya haɗiye?"

Ya faɗi sunan, yana kallonta kamar ta zautu. Inna ta sake sunkuyar da kai, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Rubuta a gurbi na biyu."

Nazir ya buga tebur da tafin hannu har shayi ya fantsama. Dariya yake yi har tabarau na zamewa. "Allahu Akbar! Mijin ke nan! To, kawo na kaka!"

"Wanda ya sassaƙa jirgi kafin ruwa ya zo."

Kafin ya buɗe baki matan taga sun riga shi, murya biyar a lokaci guda. Ya ce su yi masa shiru, shi ake yi wa jarrabawa. Ya rubuta. Na kakan uba kuwa Inna ta ce wanda aka jefa a wuta ta zame masa sanyi, sai tsohuwar nan mai zane ta rangaɗa guɗa kamar ana biki. Ni fa tsalle nake yi a tsakiyar ofishin hukuma, ina tafi, ina juyi. A cikin ɗan lokacin nan na ji sunan ubana da na kakannina biyu, abin da ban taɓa ji a jere ba, kuma duk annabawa. Na ji kamar a gidan sarauta aka haife ni. Gurbi uku sun cika, saura ɗaya, kuma a ganina wannan ai wasa ne.

Ashe da sauran rina a kaba.

Nazir ya gyara zama yana murza hannu. "To, yarinyar. Wace ce a cikin matan Manzo?" Inna ta girgiza kai. "'Ya'yansa?" Ta girgiza kai. Ya kawo uwar wannan annabi, ya kawo matar wancan, ya shiga sahabbai mata. Matan taga suka zazzage sunayen 'ya'yansu da na maƙwabta da na matattu. Inna sai girgiza kai take yi, kuma na ga zufa ta fara tsattsafo mata a goshi. Sunan Kaka irin na mutanenmu na da ne, wanda ya taho da ƙafa daga yamma. Babu shi a bakin Larabawa, kuma babu wata ƙissa da za a bi a iske shi. Inna ta san haka tun kafin ta fara, ta dai sayi lokaci ne.

Daga waje muka ji ƙahon mota. Wani ya leƙo ya ce direba na cewa hadari na haɗuwa, shi ba zai kwana a laka ba. Nazir ya dubi agogo, ya dube ni, na ga tausayi a idonsa ƙarara.

"Khalas, shi ke nan, ga mafita," in ji shi. "Ba sai kin faɗa ba, Hajiya. Zan sa mata suna ni da kaina, mai daɗi, mai sauƙin kira. Ba ita ce farau ba, yaranku da yawa a kan teburin nan na raɗa musu suna, ba rago ba komai. A gida ku kira ta abin da kuka ga dama. Kai, sunan 'yata ma zan ba ta."

Ya faɗi sunan 'yar tasa. Wayyo, daɗinsa! Irin sunan 'yan birni ne, na masu fararen safa. Na daka tsalle na ce, "Na yarda! Na yarda! Rubuta, Ustaz!" Matan taga suka ce madalla, Allah ya saka wa nazir da alheri. Kowa ya huta: Inna ta tsira da kunyarta, ni na shiga madarasa, mota ta tashi. Faɗuwa ta zo daidai da zama. Ya tsoma kai cikin daftari, bakin alƙalami ya taɓa takarda.

"Ɗaga alƙalaminka, Ustaz."

Na waiga. Inna ta miƙe tsaye. Tun da muka shigo a durƙushe take, ban taɓa ganin ta tsaya a gaban babban namiji haka ba. Ta damƙe gefen mayafi.

"An yanka rago," in ji ta. "Tana da suna."

Na ji kamar in kwanta in yi birgima. A raina na ce shi ke nan, Inna ta ɓata komai, ga abu ya zo hannu ta ture. Na buɗe baki zan yi kuka. Sai na ga leɓunanta sun motsa. Wani abu ya fito, ƙasa-ƙasa, ko ni da ke jikinta ban ji ba.

Nazir ya karkato kunne. "Na'am?"

Inna ta rufe ido, ta faɗe shi da ƙarfi, har matan taga suka ji.

Ni kuwa, Allah ya sani, waigawa na yi in ga wa ake kira. Na dubi ƙofa, na dubi taga. Sai na ga kowa ni yake kallo, ban da Inna. A nan ne abin ya sauka a kaina. Nawa ne. Sunana ne, kuma daga bakin Inna ya fito. Wani irin daɗi ya taso mini tun daga tafin ƙafa, tare da tsoro, domin ko ban san komai ba na san an fasa wani abu mai tsada saboda ni. Nazir bai yi dariya ba wannan karon. Ya maimaita sunan a hankali sau biyu don ya daidaita shi a harshensa, ya rubuta, ya juyo da daftarin ya nuna mini layin da yatsa, ko da yake ban iya karatu ba. Ya ce in zo ran Asabar kafin a buga ƙarfe. Sannan ya miƙe tsaye ya ce wa Inna, "Ma'alesh, yi haƙuri, Hajiya." Ita kuwa takalmanta take nema, ta kasa sa ƙafa a ciki.

A hanyar komawa ban taka ƙasa ba. Ina gaba ina rera sunan nan, ina ja masa wuya, ina gwada shi da muryar malami, ina amsawa da kaina. Na gaya wa jaki, na gaya wa balbelu. Inna na baya, ba ta hana ni ba. Sai da rufin ɗakunan ƙauyenmu ya bayyana ta kamo kafaɗata.

"Ke. Ki haɗiye shi nan. In kinka bari wani yaj ji abin da anka yi yau, ni da ke ne."

Na rantse, na lashi yatsa na nuna sama. Kuma da gaske nake har cikin raina, sai dai ni tun ina ƙarama cikina ba ya riƙe magana, balle irin wannan.

Mun tarar da Kaka a gadon igiya a inuwar ɗaki, ta miƙe ƙafafu. Inna ta durƙusa ta gaishe ta, ta yunƙura za ta shige madafa. Kaka ta ce, "To, Takwara, an ɗauke ki?" Na ce an ɗauke ni, na ba ta labarin kunne, da na kifi, da na jirgi, da na wuta, ina kwaikwayon nazir yana buga tebur. Ta yi dariya har goro ya sarƙe ta. Da ta gama tari sai ta ƙanƙance ido. Tsohuwar nan gwiwarta ce ta mutu, kanta garau yake.

"Uku ke nan," in ji ta. "Na farin hwa? Wa yah hwaɗa musu? Goggonki ba ta nan."

Na dubi Inna. Ta tsaya cak a ƙofar madafa, ta ba mu baya. Na cije leɓe. Na ƙirga tsakuwa. Na riƙe na ɗan lokacin da bai fi a sha ruwa a ajiye moɗa ba.

"Inna ta hwaɗi! Da ƙarfi! Sau biyu ma! Nazir yac ce zai ba ni sunan ɗiyatai, har ya aza alƙalami, Inna tat tashi tsaye tac ce a'a!"

Inna ta dawo a hankali, ta durƙusa nesa da gadon, ta ja mayafi ta rufe fuskarta gaba ɗaya. Ba ta ba da hanzari ba. A ƙauyenmu magana irin wannan in ta fita, har jikoki sai an yi wa gori da ita: matar da ta kama sunan uwar mijinta a gaban baƙi. Sai a lokacin na gane abin da bakina ya jawo, na ji duk murnar ta koma mini ciki.

Kaka ta daɗe tana duban ƙafafunta.

"An rubuta?" ta tambaye ni.

"An rubuta."

"Da alƙalami? Cikin daftarin hukuma?"

"Na gani da idona. Har Hasahisa za a kai shi."

"Yadda shike? Ba su rage mai komi ba?"

Na ce yadda yake, nazir ma sai da ya maimaita sau biyu.

Ta ɗauki gefen zanenta ta share hanci. Muryarta da ta fito ba irin wadda take tsokanata da ita ba ce.

"Ina goye anka shigo da ni ƙasag ga. Na tsinki auduga har bayana ya tanƙware, na rufe miji da ɗiya ukku cikinta. Ba a taɓa rubuta sunan nan ba ko bisa takardar ƙunshe tsiren agashe."

Ta juya wajen Inna, wadda kafaɗunta ke rawa ƙarƙashin mayafi.

"Tashi, ɗiyar mutane, ki aza muna tukunya. Ni ban ji kin kira ni ba. Ɗiyarki kinka kira."

Sannan ta miƙo hannu ta kamo wuyan rigata ta jawo ni har sai da na ji ƙamshin goro a bakinta.

"Ke kau, mai bakin tsiya, ran Asabar in sunka kira sunan nan, ki amsa da ƙarfi. Mu biyu anka kira."